Baƙon da ya Sauke Kaya ya Ɗauki Karatu

Marubucin tarihin Masar, Al-Maƙrizi, ya kawo labarin wasu mahajjata daga Kanem da suka sauka a Alƙahira a shekarun 1240, zamanin Mai Dunama Dabalemi. Suka tara dukiya suka danƙa wa wani alƙali, Alamuddin Ibn Rashiƙ, ya gina makarantar Malikiyya, shi kuma ya zauna yana karantarwa a cikinta. Daga nan duk ɗan ƙasarsu da ya biyo hanyar yana da masauki, kuma a yawancin shekaru ana aiko da kuɗin kula da ita daga gida. Mutanen nan Hajji suka fito. Amma sun san cewa a kowane ayari ba a rasa wanda zai ga malami ya ƙi gaba, shi ya sa suka tanadar masa inda zai shimfiɗa buzunsa.

Haka al'adar ta gudana kusan shekara ɗari bakwai. Mutum ya shiga gari yana baƙo mai wucewa, ya wayi gari ɗalibi, ba tare da ya tsaya gaban teburin wani ma'aikaci ba. A masallacin Azhar an kasa masaukin ɗalibai gwargwadon ƙasashen da suka fito, kowane sashe ana ce masa ruwaƙ, kuma Barnawa suna da nasu. Kowane ruwaƙ da shehinsa, kuma ta hannunsa sunan sabon zuwa ke shiga cikin masu karɓar rabon gurasa da ake bayarwa daga dukiyar waƙafi. In sunanka ya shiga, to ka zauna ke nan.

Cikin waɗanda suka bi wannan hanya babu wanda nake yawan tunawa kamar Muhammadu Al-Kashinawi, Bafulatanin Katsina. Ya yi karatu a gida, ya ɗauka wurin Shehu Muhammadu Al-Wali na Bagirmi, sannan ya tafi Hajji wajen 1730. Da ya sauke farali bai juyo ba. Ya gangara Alƙahira, inda Shehu Hasan Al-Jabarti, wanda shi kansa gwani ne a ilimin falaki, ya sauke shi a gidansa. Mai gida ya koma yana ɗaukar ilimin hatimi wurin baƙonsa. Bakatsinen ya rubuta littattafai kan hatimi da nahawu da manɗiƙi, ya rasu a gidan a 1741, ya bar wa mai masaukinsa wasiyyar littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman Al-Jabarti, bayan rasuwar baƙon aka haife shi, amma da ya zo rubuta babban littafinsa na tarihin Masar sai ya ware masa wuri. Shekara da shekaru mutumin nan yana zaune a ƙasar da ba tasa ba, abin da ya tsaya masa kawai ilimin da ke kansa da mutumin kirkin da ya buɗe masa ƙofa.

Ana neman izini a wancan zamani, amma a gida ake nemansa. Malam Jibrila ɗan Umaru ya yi Hajji sau biyu, kuma a Alƙahira ya zauna gaban Murtala Az-Zabidi mai Tajul Arus ya karɓi ijaza. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, yana matashi, ya bi malaminsa Jibrila har Agadas, amma dole ya juyo, domin mahaifinsa bai ba shi izinin tafiya Hajji ba. Har ya bar duniya a 1817 bai taka Hijaz ba. Takarda kuwa a ƙarshe take zuwa: sai ka sauke littafi malam zai rubuta maka ijaza, ya jera malaman da shi ma ya karɓa daga wurinsu.

Bayan yaƙin Burmi a Yulin 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, hanyar gabas ta cika maƙil. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da ke amsa sunansa har yau. Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Alhaji Umaru Futi, ya zarce Madina, ya zama malamin da mutanenmu ke taruwa a wurinsa.

Kawuna, wan mahaifiyata, yana cikin na baya-bayan da suka bi ta ƙasa, bayan yaƙin duniya na biyu. Daga Kano zuwa Yerwa, a ƙetara Fort Lamy, a bi ta Abeche da Jinaina har Ubayyid, inda ake samun jirgin ƙasa. Guzuri ya ƙare masa a Jazira ta ƙasar Sudan, sai ya tsaya tsinkar auduga da rana, da dare yana ɗaukar Risala wurin wani malamin Takari da ya riga shi tsayawa. Yakan ce min, “Ɗana, a hanyar nan ba ka sanin ranar da ka tashi daga matafiyi ka koma almajiri. In ka ga malami, sai ka sauke kaya.” A Makka ma haka ya yi. Bayan magariba ya raɓi wata halƙa a Harami, yana zama daga baya-baya, sai da aka saba da fuskarsa malamin ya yafito shi ya matso.

Amma shi kansa da takarda ya ƙetare teku daga Sawakin. A 1920 ƙungiyar ƙasashe ta wancan zamani, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada, ta yi taro a Faris kan fasalin fasfo. A 1926 aka ƙulla yarjejeniyar kiwon lafiya ta duniya, aka ware wa mahajjata sashe guda a cikinta. Turawan da ke mulkin Nijeriya da Sudan suka fito da fasfon alhazai, da allurar rigakafi, da killacewa a Sawakin, da kuɗin ajiya na komowa gida. Ba zan ce duk mugunta ce ba. Kwalara ta sha ɓarkewa a taron Hajji ta bi mutane gida. Talakawa sun sha maƙalewa a Jidda babu kuɗin jirgi. Mafi muni, akwai yaran da aka tafi da su da sunan Hajji aka sayar, domin Saudiyya ba ta haramta bauta ba sai 1962. Wanda ya san wannan ba zai zagi rajista ba. Sai dai rajistar ta zo da tambayar da ba a taɓa yi wa kakanninmu ba: me ya kawo ka, kuma yaushe za ka koma? Amsa ɗaya tak ake rubutawa a takardar, alhali kawuna da amsa biyu ya fita daga gida.

Ƙofar ba ta rufu rana ɗaya ba. Abdurrahman Al-Ifriƙi, daga ƙasar Mali ta yau, ya zo Hajji a shekarun 1920, ya zauna a Madina ya shiga Darul Hadis, har ya zama shugabanta. Almajirinsa Shehu Umar Fallata, wanda aka haifa kusa da Makka iyayensa suna kan hanyar hijira daga yammacin Afirka, ya daɗe yana karantarwa a Masallacin Annabi har rasuwarsa a 1999. Amma a 1952 Saudiyya ta kafa dokar iƙama. Kafin nan da 'yan shekaru su Alhaji Mahmud Ɗantata da Haruna Kassim da Ibrahim Musa Gashash sun kafa WAPA don jigilar alhazai, sunan da ya zauna a kasuwar 'yan canji ta Fagge. Da manyan motoci aka fara, jirgin sama ya biyo baya. Tafiyar da take cin shekaru ta koma ta makonni, da tikitin zuwa da dawowa.

Sai fita neman ilimi ta koma hannun gwamnatoci. A 1954 aka aika wasu matasan malaman Arewa, cikinsu har da Abubakar Gumi da Shehu Galadanci da Halliru Binji, zuwa Bakhtur Ruda a Sudan. Turawa sun fi natsuwa da Sudan, suna gudun kada yaran su je Masar su kwaso siyasar da ke tafasa a can. A 1959 aka buɗe Madinatul Bu'us a Alƙahira don baƙin ɗaliban Azhar, a 1961 kuma aka kafa Jami'ar Musulunci ta Madina. Alherin waɗannan wurare ba ya ƙirguwa: ɗaki, abinci, kuɗin wata, da digirin da za ka dawo ka yi aiki da shi. Da yawan malaman da muke saurara a azumi nan suka fito. Amma tacewar ta dawo gida, ana yinta tun kafin a ɗaure kaya. Ana neman shaidar sakandare da jami'ar ta yarda da ita, da tazkiya daga malamai, da muƙabala, ga kuma iyakar shekaru. Almajirin zaure da ya haddace Alfiyya ya sauke Muhtasar, amma bai taɓa zama a aji ba, ba shi da gurbi a fom ɗin. Na zauna da irinsu a zaurukan Kano da Zariya, wasunsu sun fi masu digirin sanin nahawu nesa ba kusa ba, kuma wannan abu yana ci min rai.

Kwanakin baya ɗaya daga cikinsu, almajirina ne, ya same ni bayan la'asar.

“Allah ya gafarta Malam, wani ya ba ni shawara in biya Umara, in na shiga sai in nemi makaranta daga can.”

Na ce, “Yaro, kada ka soma.”

Bizar Umara ta ibada ce, tana da wa'adi, ba ta ba mutum gurbin jami'a balle iƙamar ɗalibi. Ta intanet ake neman gurbi, bizar karatu kuma sai an ɗauke ka take fitowa. Wanda ya zarce wa'adinsa ya shiga ɓuya daga jami'an shige da fice, wato Jawazat, ranar da aka kama shi sai tara da tsarewa, a maido shi, a hana shi komawa na shekaru. Mai ɓuya ba ya iya zama a halƙa da natsuwa, kuma babu unguwa a Kano da ba ta san wanda aka dawo da shi haka ba.

Masar ce ta bar ƙofar a ɗan buɗe. Har yanzu ɗalibai da yawa da bizar ziyara suke shiga. Su kai takardunsu Azhar, su zauna jarrabawar tantance matsayi, a sa su a ma'ahad ko a ajin koyon Larabci, sannan su karɓi tasdiƙi su kai ofishin Jawazat na Abbasiyya, wanda kafin 2019 yake Mujamma'a a dandalin Tahrir, a ba su iƙamar ɗalibi da ake sabuntawa kowace shekara. Tsakanin ƙarewar biza da fitowar iƙama akwai layi da jira da fargaba, kuma wanda bai zo da guzuri ba ya sha wuya, domin ba kowa ke samun ɗaki a Bu'us ba. Ingila kuwa ba ta yarda mai bizar ziyara ya koma ɗalibi daga cikin ƙasa ba, sai ya fita ya nema daga waje. Amurka tana karɓar roƙon sauyawa, amma ba ka shiga aji sai an amince.

Nauyin takardar nan ya fito fili da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023. Aka kwashi ɗalibanmu da ke karatu a can a motocin safa zuwa iyakar Arƙin, suka yi kwanaki a cikin rairayi saboda Masar ba ta yarda su shiga babu biza ba, sai da gwamnatocin biyu suka daidaita aka kwaso su ta Aswan.

Ni da almajirin nawa doguwar hanya muka zaɓa. Ya yi rajistar jarrabawar sakandare ta hukumar NBAIS. Da safe yana zama a aji da yaran da ya girme su yana koyon lissafi da Turanci, da yamma ya dawo zaure ya karantar da Ishmawi da Iziyya. Abin da nake roƙon manyan malamanmu shi ne su zauna da hukumomin ilimi a samar da jarrabawar da za ta gwada almajirin zaure a kan littattafan da ya sauke, a ba shi shaidar da za a nema wa mu'adala a Azhar da Madina. Shekarun yaron sun kusa iyakar da Madina ta sa, don haka in sakamako ya fito, Alƙahira za mu fara gwadawa.