Yadda Kujerar Majalisar Birtaniya Ta Zama Kayan Gado da Ciniki

Ranar 1 ga Janairu 1801 aka haɗe Ailan da Birtaniya suka zama ƙasa ɗaya. Aka rufe majalisar da ke zama a Dublin, aka ƙara wa Majalisar Wakilai ta Landan kujeru 100, adadin 'yan majalisa ya tashi daga 558 zuwa 658: Ingila 489, Wales 24, Sikotlan 45, Ailan 100. Zauren da suke zama, tsohuwar majami'ar St Stephen da ke Westminster, ba ya ɗaukarsu duka, amma ba wanda abin ya dama, don da wuya su hallara gaba ɗaya.

Abin da ke ɗaure kai shi ne inda wakilan suke fitowa. Manchesta, wadda masaƙunta suka cika kasuwannin duniya da yadi, ba ta da wakili nata na kanta. Haka Birmingham, haka Leeds, haka Sheffield. Amma kusa da Salisbury akwai wani tudu mai suna Old Sarum, kufai ne da mutanensa suka fara watsewa tun ƙarni na 13, ba abin da ya rage sai ciyawa da ragowar ganuwa, kuma duk zaɓe yana aika wakilai 2. Dunwich, wadda teku ta cinye mafi yawanta, ita ma 2. Lardin Cornwall shi kaɗai yana da kujeru 44, wato kujera ɗaya tak ta raba shi da Sikotlan baki ɗaya.

Ba wanda ya zauna ya tsara abin haka. Asalinsa kiran sarki ne. A ƙarni na 13, in sarkin Ingila yana neman kuɗin yaƙi, sai ya aika kowane lardi ya turo manyan masu ƙasa 2, garuruwan da aka zaɓa kuma kowanne ya turo mutum 2, su zo su amince da haraji a madadin jama'arsu. Wani basarake, Simon de Montfort, ya gayyaci mutanen garuruwa a 1265, Sarki Edward na I ya yi haka a 1295, sannu a hankali abin ya zauna. A lokacin, wakilci wahala ce. Hanya ba kyau, ga 'yan fashi, ga shi garin ne ke biyan wakilinsa guzuri: sule 4 a rana ga wakilin lardi, sule 2 ga na gari. Akwai garuruwan da suka roƙi sarki ya yafe musu.

A zamanin sarakunan gidan Tudor abin ya juya. Majalisa ta fara taɓa manyan al'amura, addini da gadon sarauta da filayen coci, sai masu ƙasa suka gane cewa zama a Westminster hanya ce ta kusantar fada. Kujerun lardi ba su isa ba, sai suka faɗa wa ƙananan garuruwa. Attajiri ya zo ya ce zai wakilci gari ba sai an biya shi ko kwabo ba, wa zai ƙi? Akwai dokar 1413 da ta ce dole wakili ya zama mazaunin garin da yake wakilta, aka yi biris da ita har aka soke ta a 1774. Sarakuna kuma suka yi ta ba sababbin garuruwa izinin aika wakilai, da yawa a Cornwall inda gidan sarauta ke da filaye. Newark ce ta ƙarshe da ta samu irin wannan takarda daga hannun sarki, a 1673. Daga waɗannan shekaru taswirar mazaɓun Ingila ta daskare wajen shekara 150, jama'a kuwa suna ta ƙaura zuwa arewa inda kwal da masana'antu suke.

Ana cikin haka darajar kujera ta yi ta hawa. Bayan juyin mulkin 1688 majalisa ta koma zama kowace shekara, kuma baitulmali ya dawo hannunta. Dokar 1716 ta tsawaita wa'adinta daga shekara 3 zuwa 7. Kujerar da mutum zai riƙe shekara 7, yana kusa da masu raba muƙamai da kwangila, ba a kama shi saboda bashi, wasiƙunsa suna tafiya kyauta, ai ta cancanci a zuba mata jari.

Su wa ke jefa ƙuri'a? A lardunan Ingila doka ɗaya ce tun 1430: duk mai mallakar filin da ke kawo sule 40 a shekara. A garuruwa kuwa kowanne da al'adarsa. A wani wuri duk mai biyan kuɗin tallafin matalauta yana da ƙuri'a. A Taunton, ya isa mutum ya nuna yana da murhun kansa da yake ɗora tukunya. A wani garin 'yan majalisar gari ne kaɗai ke zaɓe, kuma su ke naɗa magadansu. Wakilin Edinburgh, babban birnin Sikotlan, mutum 33 ke zaɓensa. Sai nau'in da ya fi kowanne daɗin sha'ani ga mai kuɗi, inda ƙuri'a ke manne da fili, ko da gida a kai ko babu. Wanda ya sayi mafi yawan filayen ya sayi mazaɓar. Ranar zaɓe sai ya miƙa wa amintattunsa takardun filayen, su jefa ƙuri'a, su dawo masa da takardunsa. Haka ake yi a Old Sarum, a gindin wata bishiya. Gidan Pitt ne suka mallake ta, kuma ta nan William Pitt babba ya shiga majalisa a 1735. Masu suka suna kiran irin waɗannan ruɓaɓɓun mazaɓu, waɗanda ke hannun mutum ɗaya kuma mazaɓun aljihu.

A 1793 wani matashin ɗan majalisa, Charles Grey, ya gabatar da koken wata ƙungiyar masu neman gyara, inda suka lissafa cewa iyayengiji 154 ne ke ɗora 'yan majalisa 307. A lokacin kujerun 558 ne. Majalisa ta yi watsi da ƙudurin, kuma da yaƙi da Faransa ya yi zafi, duk wanda ya ambaci gyara sai a ɗauke shi ɗan juyin juya hali. Ko Pitt ƙarami, yana Firayim Minista, ya sha kaye a 1785 da ya nemi a biya masu ƙananan mazaɓu 36 diyya a karɓe kujerunsu. A lura da kalmar diyya: shi kansa mai neman gyaran ya yarda cewa kujerun dukiyar masu su ce.

Ta wannan ƙofa manyan 'yan siyasar ƙarnin suka shigo. Palmerston ya samu Newport da ke tsibirin Wight a 1807, bisa sharaɗin kada ya taka garin, don ubangidan ba ya son wani ya yi sabo da mutanensa. Robert Peel yana ɗan shekara 21 mahaifinsa, attajirin masaƙa, ya sama masa Cashel a Ailan a 1809. David Ricardo, masanin tattalin arziki, kuɗi ya biya ya samu Portarlington a 1819, shekara 10 bayan majalisa ta yi dokar hana cinikin kujeru. Dokar ba ta kashe kasuwar ba, ɓoyewa kawai ta sa aka koma yi. Lauya Samuel Romilly, mai fafutukar rage hukuncin kisa, sayen tasa ya yi a Wareham a 1808, kuma hujjarsa tana da nauyi. A ganinsa wanda ya biya kuɗinsa ba ya bin umarnin kowa, wanda aka ba kyauta kuwa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Al'ada ce in ɗan majalisa ya saɓa da ubangidansa a babban al'amari ya sauka ya bar masa kujerarsa.

Masu kare tsarin sun riƙe wannan hujja gam. Suka ce ta ƙananan mazaɓu ne haziƙin da ba shi da gata ke shiga, ta nan ne 'yan kasuwar Indiya da masu jiragen ruwa da masu banki ke samun murya, kuma majalisa tana wakiltar dukiya da sana'o'in ƙasa ne, ba ƙidayar kawuna ba. Akwai gaskiya a ciki, amma rabinta ce. Ƙofar da ta shigo da Ricardo ita ce ta shigo da masu gonakin rake na tsibiran Karibiyan, waɗanda suka daɗe suna tare duk wani yunƙuri na 'yanta bayin da aka kwaso daga Afirka.

Kada kuma a zaci inda jama'a ke da ƙuri'a abin ya fi tsabta. Babu ƙuri'ar sirri. Mutum zai hau rumfar zaɓe ya faɗi sunan wanda yake so da bakinsa, a rubuta, daga baya a buga littafin kowa ya gani, har da mai gidan da yake haya. Ana iya kwana 15 ana zaɓe, 'yan takara suna ɗauke da kuɗin abin hawa da masauki da abinci da giya. Saboda tsada, manyan gidajen lardi sukan sasanta su raba kujerun ba hamayya. Yorkshire ta yi sama da shekara 60 ba a kai ga jefa ƙuri'a ba, sai a 1807 sasanci ya rushe. 'Yan takara 3 suka nemi kujeru 2: William Wilberforce, wanda 'yan watanni kafin nan ya ga an zartar da dokar hana cinikin bayi, Lord Milton, ɗan gidan Fitzwilliam, da Henry Lascelles na gidan Harewood, masu gonaki da bayi a Barbados. Dole kowane mai ƙuri'a ya taka zuwa birnin York, komai nisan ƙauyensu. Gidajen nan biyu kowanne ya kashe wajen fam 100,000. Wilberforce, da gudummawar magoya baya, ya zo na farko. Milton ya kada Lascelles da ratar da ba ta kai ƙuri'a 200 ba. Da ƙarfinsa ya fara raguwa a 1812, Wilberforce ɗin nan ya bar Yorkshire ya koma Bramber, mazaɓar aljihun wani dangin matarsa.

Ga wanda ya ci zaɓe ma da sauran shinge. Dokar 1711 ta ce wakilin lardi a Ingila sai yana da filin da ke kawo fam 600 a shekara, na gari fam 300, ko da yake lauyoyi sun san yadda ake ara wa mutum fili a takarda. Babu albashi. Mata ba a ma maganarsu. Da John Horne Tooke, wanda aka taɓa naɗawa limamin coci, ya shigo ta Old Sarum a 1801, sai aka yi doka ta hana limaman coci zama 'yan majalisa. Babban shingen shi ne rantsuwa. Tun 1678 sai mutum ya yi rantsuwar da ke ƙaryata aƙidar Katolika kafin ya zauna, don haka wakilan Ailan 100 duk 'yan Furotesta ne, a ƙasar da mafi yawan jama'arta Katolika ne. Daniel O'Connell ne ya fasa wannan. Ya lura doka ba ta hana ɗan Katolika tsayawa takara ba, zama kawai ta hana, sai ya tsaya a zaɓen cike gurbi na lardin Clare a 1828, ƙananan manoma suka bijire wa masu filayensu suka zaɓe shi. Gwamnatin Wellington da Peel ta ga hana shi kujera na iya tayar da yaƙin basasa, ta sauya rantsuwar a 1829. A lokaci guda ta ɗaga sharaɗin ƙuri'a a lardunan Ailan daga sule 40 zuwa fam 10, ta zare irin manoman da suka kawo shi.

A Ingila matsin ya daɗe yana taruwa. Ranar 16 ga Agusta 1819 mutane wajen 60,000 suka taru a filin St Peter a Manchesta don sauraron Henry Hunt kan neman wakilci, sojojin doki suka afka musu da takubba, aƙalla 15 suka mutu, ɗaruruwa suka jikkata. A 1821 aka ƙwace kujerun garin Grampound saboda cin hanci ya yi yawa, amma aka ƙi ba Leeds, aka ƙara wa lardin Yorkshire. A Nuwamba 1830 Wellington ya tashi ya ce bai ga yadda za a inganta tsarin ba, cikin makonni 2 gwamnatinsa ta faɗi. Grey, mai koken 1793, ya zama Firayim Minista yana ɗan shekara 66.

Lord John Russell ya gabatar da ƙudurin gyara ranar 1 ga Maris 1831. Ya tsallake karatu na biyu da ƙuri'a 302 da 301. Aka rushe majalisa, aka sake zaɓe, masu gyara suka yi rinjaye, amma Majalisar Masu Sarauta ta yi fatali da ƙudurin a Oktoba. Tarzoma ta ɓarke a Derby da Bristol, a Nottingham kuma aka ƙone fadar Duke na Newcastle, mutumin da ya kori 'yan hayarsa a Newark a 1829 don sun ƙi zaɓen ɗan takararsa, ya kuma ce yana da ikon yin yadda ya ga dama da abinsa. Sai da Sarki William na IV ya yarda zai naɗa sababbin masu sarauta su rinjayi masu taurin kai, sannan suka janye. Aka sa wa dokar hannu ranar 7 ga Yuni 1832.

Garuruwa 56 suka rasa kujerunsu baki ɗaya, 30 suka rasa ɗaya ɗaya, ba diyya. Manchesta da Birmingham da Leeds da Sheffield kowanne ya samu 2. Aka kafa ma'auni ɗaya a garuruwa, mai zama a gidan da darajar hayarsa ta kai fam 10 a shekara, aka fara rijistar masu zaɓe, kuma a karon farko doka ta rubuta ɓaro-ɓaro cewa maza take nufi. Adadin kujeru bai motsa daga 658 ba. A wurare irin su Preston, inda ma'aikata ke da ƙuri'a tun da, sabon ma'aunin rage su ya yi. Sabuwar majalisar ta zartar da dokar 'yanta bayi a 1833, ta ware fam miliyan 20 ta biya masu bayin.

Mutanen da ke kan kujerun kuwa ba su sauya sosai ba. Sharaɗin mallakar fili ya kai 1858, shekarar da Lionel de Rothschild ya zama Bayahude na farko da ya zauna ba tare da ya bar addininsa ba, shekara 11 bayan Landan ta fara zaɓensa. Albashi sai 1911, fam 400 a shekara. Mazaɓun aljihu da dama sun tsira. A zaɓen farko bayan gyara, a Disamba 1832, Duke na Newcastle ɗin nan ya ɗora wani ɗan shekara 22 a Newark, ɗan attajirin Liverpool mai gonaki da bayi a Demerara, sunansa William Gladstone. Gwamnatin Gladstone ɗin ce ta kawo ƙuri'ar sirri a 1872.