Tsufa da Fansho a Ƙasar Kudan

A zamanin En'e tsohon manomi a ƙasar Kudan ba shi da fansho. Sauƙinsa ɗaya ne: in ƙarfinsa ya ƙare, dagaci ya cire sunansa daga takardar haraji, 'ya'yansa su riƙe gandu su ciyar da shi. Dagaci kuwa ba ya ƙidayar shekaru, furfura da rauni yake dubawa.

A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji, tsoho da saurayi suka zama ɗaya.

A 2022 gwamnatin tarayya ta ɗaga shekarun barin aiki na malaman makaranta daga 60 zuwa 65. Malami zai ƙara jiran shekara biyar kafin fansho, amma fa yana karɓar albashinsa. Manomin rake kuwa, ko ya kai tamanin, ba sunansa a wannan lissafi.