Tukunya Ba Ta Ƙarya

Yau tarihi za mu taɓa, amma tarihin da ya shigo har cikin madafa. Ki tambayi mama ko goggo, za su ba ki labarin zamanin "ostariti".

A shekarar 1981 farashin man fetur ya fara faɗuwa a duniya, alhali da shi Nijeriya ta dogara. Cif Obafemi Awolowo ya rubuta wa Shugaba Shehu Shagari wasiƙa yana gargaɗin cewa tattalin arziki ya doshi rami. Mutanen gwamnati suka ce sam, siyasa ce kawai, komai lafiya lau. Ko shekara ba a rufa ba, a watan Afrilu na 1982, sai ga wannan gwamnatin da kanta ta fito da dokar tsuke bakin aljihu. Ashe dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Aka taƙaita shigo da kaya. Masana'antu irin na Bompai da Sharaɗa a Kano da masaƙun Kakuri a Kaduna suka rasa kayan aiki, aka shiga sallamar ma'aikata. Soja suka karɓi mulki ranar 31 ga Disamba 1983, a 1984 kuma aka kori ɗimbin ma'aikatan gwamnati. Madara da sukari da sabulu sai an bi dogon layi.

Da Janar Ibrahim Babangida ya hau a 1985, sai ya ce jama'a su yi muhawara: a karɓi bashin Asusun Lamuni na Duniya ko a'a? Jama'a suka ce ba sa so. A watan Disamba gwamnati ta sanar cewa ta fasa. Murna ba a magana! To fa, a tsakiyar 1986 sai ga shirin SAP, ɗauke da yawancin sharuɗɗan da aka ƙi: karya darajar naira, rage tallafi, sayar da kamfanonin gwamnati. Aka ce a yi haƙuri, shekara biyu ne. A 1985 naira ɗaya ta fi dala ɗaya. A 1987 sai ki ba da wajen naira 4 ki karɓi dala, a 1993 ta haura naira 20. A watan Mayu na 1989 ɗalibai suka fantsama kan tituna suna zanga-zanga, har aka rasa rayuka.

Wa ya ɗauki nauyin? Uwargida mana. Maigida ya dawo da takardar sallama, ita ce mai sayar da 'yan kunnenta da kwallayen jerenta, ta kama ƙosai da ƙuli-ƙuli da adashi don yara su ci. Rediyo na cewa an kusa fita, mudun gero na cewa da saura. Ita kuwa mudun ta gaskata.

Kin ga fa, ba talaucin ne kaɗai ya raba talaka da gwamnati ba. Sau biyu aka gaya masa abu, ya wayi gari ya ga akasinsa. Daga nan ko gaskiya aka faɗa sai ya ce "wai". Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Haka abin yake a gidan aure. Mace za ta iya shan gari da mijin da ya ce mata "babu", amma da wuya ta sake yarda da wanda ya ce "akwai" alhali rumbu wayam.

Allah Ya ba mu shugabanni masu faɗa mana gaskiya komai ɗacinta, amin.