Kalmar «geisha» da iyakar da hukuma ta shata mata (Japon, 1750-1958)

Duk mai son fassara kalmar «geisha» zuwa Hausa, abin da ke fara zo masa shi ne «karuwa». A ganinmu wannan fassara ba ta dace ba, amma tana da dalili a tarihin sana'ar, kuma shi za mu bi a nan.

Kalmar harɗaɗɗiya ce: «gei» na nufin fasaha, «sha» kuma mutum, wato mai fasaha. Babu alamar jinsi a cikinta, kuma waɗanda aka fara kira da ita maza ne. A Yoshiwara, unguwar da gwamnatin Tokugawa ta keɓe wa karuwanci a birnin Edo, Tokiyo ta yanzu, tun 1617, su ne ke kiɗa da barkwanci, kamar ƴan kama, don ɗebe wa baƙi kewa. Sai wajen 1750 mata suka fara ɗaukar sunan. Kafin 1800 sun rinjayi maza, har kalmar ta zama tasu.

Shekarar da ta fi muhimmanci a wurinmu ita ce 1779. A cikinta aka buɗe a Yoshiwara ofishin rajista da ake kira «kenban». Ofishin ya hana geisha ado mai ƙyalli irin na manyan karuwai, ya hana su kwana da baƙo, ya sa suna zuwa biki su biyu ko uku. Manufar ita ce kare kasuwar gidajen karuwai daga kishiyoyi, ba kare mutuncin geisha ba. Amma hanin ya tura su ga abin da ya rage musu: rawa, waƙa, iya zance, da «shamisen», wani abin kiɗa mai tsirkiya uku. Ke nan doka ce ta shata iyaka tsakanin sana'o'in biyu, fasaha ta bunƙasa a cikinta. Shi ya sa «zabiya» ma ba ta wadatar ba, domin geisha ba ta rayuwa da yabon wani.

Iyakar ba ta taɓa zama katanga ba. Yawancin ƴan matan daga gidajen matalauta aka kawo su, iyaye sun karɓi kuɗi, bashi ya hau kan yarinya a «okiya», gidan da ke renonta. A 1872, bayan shari'ar jirgin ruwan Peru mai suna María Luz, inda aka goranta wa Japon cinikin mata a cikin gidanta, gwamnatin Meiji ta ƴanta karuwai da geisha a doka guda, ta soke bashinsu. Hujjar da ma'aikatar shari'a ta bayar abin lura ce: wai matsayinsu ɗaya da shanu da dawaki, kuma ba a bin dabba bashi. A wannan shekarar dai geisha na Gion a Kiyoto suka fara rawar Miyako Odori a bainar jama'a, a ƙarƙashin malama Inoue Yachiyo ta uku. A shekara guda, hukuma ta kwatanta su da dabbobi, ta kuma nuna su ga baƙi a matsayin adon ƙasa.

A shekarun 1920 yawansu ya kai wajen 80,000. A 1944 yaƙi ya rufe gidajen shayi, aka tura da dama masana'antu. Bayan 1945 sojojin Amurka suka riƙa kiran duk macen da ke sayar musu da kanta geisha, kuma wannan ma'ana ta ƙara kafuwa a harsunan Turai. Dokar hana karuwanci ta 1956, wadda ta fara cikakken aiki a 1958, ta rufe Yoshiwara amma ta bar geisha. A Kiyoto, inda unguwanninsu biyar ke nan har yanzu, ba sa ma amfani da kalmar: ƙwararriya «geiko» ce, mai koyo «maiko», kuma ba ta shiga sai ta gama karatun dole, tana da shekara 15.