Yini Guda a Tsibirin Gberefu: Hanyar da 'Yan'uwanmu Suka Bi Ba Su Dawo Ba

Jama'a, mu mazauna Agege da Idi-Araba in aka tambaye mu tarihin zuwan Bahaushe ƙasar Ikko, sai mu ce fataucin goro da shanu. Haka ne, amma akwai waɗanda suka riga mu zuwa bakin teku, ba da jakar kuɗi ba, da sarƙa a wuya. Mai son ganin shaida ya ware yini guda ya je Badagiri, yamma da Ikko, kan hanyar Kwatano.

Da safe a fara da cikin gari. Akwai gidan Seriki Abass, inda ake tsare bayi a ƙananan ɗakuna kafin jirgi ya iso, ga mari da sarƙoƙi nan an ajiye. Daga nan sai a shiga kwalekwale, cikin 'yan mintoci an haye zuwa Gberefu, wani siririn tsibiri mai rairayi da itatuwan kwakwa, tsakanin ƙorama da babban teku. Sai kuma tafiyar ƙafa. A hanya akwai rijiyar da mutanen wurin ke cewa nan ake shayar da bayi don su manta gida. Ƙarshen hanya teku ne, wato wurin da in an kai mutum babu komowa.

To, ina ruwanmu? Ai da ruwanmu. Yaƙe-yaƙen zamanin jihadi, daga 1804, da rushewar daular Oyo, sun sa an kama Hausawa da yawa. Daga hannu zuwa hannu har tashoshin teku irin su Badagiri da Ikko. Gaskiya ɗaya ce: Bature ya saya, amma baƙar fata ne ya sayar, har da fataken Arewa. Ingila ta hana cinikin a 1807, amma aka ci gaba a ɓoye shekaru masu yawa. Kilabatan, Baturen da ya nufi Sarkin Musulmi Bello, ta Badagiri ya sauka a 1825, ya mutu a ƙasar Sakkwato a 1827. Yaronsa Landa ya komo ta nan, ya rubuta yadda ya tarar ana cinikin mutane.

Waɗanda aka haye da su fa? Da dama an kai su Bahiya a ƙasar Barazil, kuma ruwan rijiya bai sa sun manta ba. A 1807 Hausawan can suka ƙulla tawaye. A 1835, cikin azumi, bayi Musulmi, galibi Yarbawa tare da Hausawa, suka tashi a birnin Salbado, aka samu layu da rubutun Arabiyya a jikinsu. Waɗanda suka tsira a nan kuwa, daga cikinsu Gulba ya kafa rundunarsa ta Hausawa a Ikko a 1863, wadda ake ƙirgawa cikin tushen sojan Nijeriya.

Mu yau da ƙafarmu muka zo, kuma duk Sallah muna iya hawa mota mu je gida. Su ba su samu wannan ba. Don haka muna kira ga ƙungiya da malaman Islamiyyunmu su riƙa kai yara Gberefu, su gani da idonsu, su yi wa bayin Allahn nan addu'a. Allah Ya jiƙansu, Ya kiyashe mu da zalunci, amin.