Ƙattan Ƙarƙashin Kwando: Tarihin Manyan 'Yan Wasan Tsakiya a Gasar NBA

Ɗan wasan tsakiya shi ne wanda ke tsayawa dab da kwando a wasan ƙwallon kwando, kuma galibi shi ya fi kowa tsawo da faɗin kafaɗa cikin mutum biyar ɗin da ƙungiya ke sakawa a fili. Aikinsa uku ne: ya ci maki daga kusa, ya cafke ƙwallon da ta daki kwando ta dawo, ya kuma hana abokan karawa isa kwandonsu. Tsakanin ƙasa da bakin kwando ƙafa 10 ne, wato mita 3.05, tun lokacin da James Naismith ya ƙirƙiro wasan a 1891. Saboda haka wanda Allah ya hore wa tsawo yana da rata tun kafin a busa usur.

A gasar NBA ta Amurka, wadda ta soma a 1946 kuma ta ɗauki wannan suna a 1949, kusan kowane zamani yana da ƙatonsa da ya gagari tsara. Gardamar wanda ya fi wani a cikinsu ta daɗe, kuma ƙirga maki kaɗai ba ya raba ta, domin dokoki da saurin wasa da yawan ƙungiyoyi sun sha canzawa. Abin da tarihi ya nuna ƙarara shi ne cewa da yawa daga cikin dokokin wasan an rubuta su ne don a rage wa wani ƙato ƙarfi.

George Mikan da farkon zamanin dogaye

Kafin shekarun 1940 koci-koci ba su damu da dogon mutum ba, suna ganin nauyin jiki zai hana shi bin gudun wasa. George Mikan, mai tsawon mita 2.08 da tabarau mai kauri, shi ya kawar da wannan tunani. A jami'ar DePaul ta Chicago, kocinsa Ray Meyer yakan tsayar da shi ƙarƙashin kwando ya riƙa jefawa da dama, ya cafke, ya jefa da hagu, ba tare da ƙwallo ta taɓa ƙasa ba. Har yau ana koyar da wannan atisaye da sunan Mikan. A wajen tsaro kuwa, shi da wani dogon ɗan wasa, Bob Kurland, sukan doke ƙwallo tana gangarowa za ta faɗa kwando, har hukumar wasannin jami'o'i ta haramta hakan a tsakiyar shekarun 1940.

Da Minneapolis Lakers ya ci kofi biyar tsakanin 1949 da 1954. Yadda ake tsoronsa ya bayyana a ranar 22 ga Nuwamba, 1950, lokacin da 'yan Fort Wayne Pistons suka ga ba za su iya tare shi ba, sai suka riƙe ƙwallo suna ta miƙa wa juna, suka ƙi jefawa, 'yan kallo na ta ihu. Aka tashi 19 da 18, Pistons ke da nasara, kuma 15 daga cikin maki 18 na Lakers na Mikan ne. A 1951 aka faɗaɗa akwatin da ke ƙarƙashin kwando, wanda ba a yarda mai kai hari ya wuce daƙiƙa uku a ciki ba, daga ƙafa 6 zuwa 12, don a nisanta shi da kwando. A 1954 kuma aka kawo agogon daƙiƙa 24, wanda ya kashe dabarar riƙe ƙwallo.

Bill Russell da Wilt Chamberlain

Ba a taɓa yin hamayyar ƙattai biyu da ta kai ta waɗannan ba. Sun haɗu a fili fiye da sau 140 tsakanin 1959 da 1969, kuma kowannensu yana wakiltar fahimta daban ta abin da ake kira mamaye wasa.

Russell ya shiga Boston Celtics a 1956, bayan kofin jami'o'i biyu da lambar zinare a gasar Olympics ta Melbourne. Matsakaicin makinsa a duk rayuwar wasansa 15.1 ne kacal, amma yana cafke ƙwallo 22.5 a kowane wasa. Gwanintarsa tana wajen tare jifa: ba ya doke ƙwallo ta fita fili, sai ya karkata ta zuwa hannun abokin wasansa, nan take a juya hari kafin abokan karawa su koma gida. Da wannan salo Celtics ta ci kofi 11 cikin kakar wasa 13, takwas daga ciki a jere, daga 1959 zuwa 1966. A 1966 ya gaji kocinsa Red Auerbach, ya zama baƙar fata na farko da ya horar da ƙungiya a NBA, yana koci yana kuma wasa.

Chamberlain, mai tsawon mita 2.16, shi ne mai alƙaluman da har yau ake jinjina wa. A kakar 1961–62 matsakaicinsa maki 50.4 ne da cafka 25.7. A ranar 2 ga Maris, 1962, a garin Hershey na jihar Pennsylvania, ya zura maki 100 shi kaɗai a kwandon New York Knicks: jifa 36 daga cikin wasa, da 28 daga cikin jifan keta 32 da aka ba shi, alhali jifan keta shi ne rauninsa. Ba a ɗauki wasan a talabijin ba. Abin da ya fi shahara daga daren shi ne hotonsa yana zaune riƙe da farar takarda da aka rubuta 100 a kanta. A 1960 ya cafke ƙwallo 55 a wasa ɗaya, kuma Russell ne a gabansa ranar. A 1964 aka sake faɗaɗa akwatin zuwa ƙafa 16. Da aka yi ta zarginsa da son kai, sai ya fi kowa yawan miƙa ƙwallon da aka ci a kakar 1967–68.

Duk da haka kofi biyu ya ci, na 1967 da Philadelphia 76ers da na 1972 da Los Angeles Lakers. Sau takwas ƙungiyoyinsu suka gamu a wasannin fidda gwani, ta Russell ta yi nasara sau bakwai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma Celtics ta fi kowa cikar gwanaye a wancan lokaci. Daga nan ne gardamar kofi da alƙaluma ta samo asali.

Kareem Abdul-Jabbar

An haifi Abdul-Jabbar a New York a 1947 da sunan Lew Alcindor. A jami'ar UCLA, ƙarƙashin koci John Wooden, ya ci kofi uku a jere daga 1967 zuwa 1969. A 1967 hukumar jami'o'i ta hana danna ƙwallo cikin kwando da hannu, dokar da ta tsaya har 1976, kuma mutane suka riƙa kiran ta da sunansa. Hanin ya ƙara tura shi ga jifan da ya zama tambarinsa, wanda sunansa na Turanci ke nufin ƙugiyar sama: yakan bai wa mai tsaro kafaɗa, ya tashi a kan ƙafa ɗaya, ya miƙe hannun da ke nesa da mai tsaron har ƙarshe, sannan ya saki ƙwallo da 'yan yatsu. Mutum mai mita 2.18 in ya yi haka, da wuya hannun wani ya kai.

Ya musulunta a 1968, ya fara amfani da sabon sunansa a bainar jama'a a 1971, shekarar da ya ci kofi da Milwaukee Bucks. Ya ƙara biyar da Lakers a shekarun 1980. Sau shida aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan shekara, kuma babu wanda ya kamo shi. Fifikonsa a kan sauran shi ne ɗorewa: kaka 20, maki 38,387, tarihin da ya riƙe daga 1984 har LeBron James ya wuce shi a Fabrairun 2023. A zamaninsa ne Moses Malone ya ci kambun gwarzo sau uku da ƙarfin naci a ƙarƙashin kwando.

Hakeem Olajuwon da shekarun 1990

Ba a taɓa tara manyan 'yan tsakiya a lokaci ɗaya kamar a shekarun 1990 ba: Patrick Ewing, David Robinson, Alonzo Mourning, Dikembe Mutombo ɗan Kinshasa, da matashi Shaquille O'Neal. Wanda ya bi ta kan manyansu ɗaya bayan ɗaya ɗan Legas ne.

An haifi Hakeem Olajuwon a 1963. Ya taso yana tsaron gida a ƙwallon ƙafa yana kuma ƙwallon hannu. Sai yana da shekara 15 ya shiga ƙwallon kwando, lokacin da makarantarsa ta je bikin wasannin kwalejojin horon malamai a Sakkwato, aka jawo shi daga tawagar ƙwallon hannu. Daga jami'ar Houston, inda ya goge da atisaye tare da Moses Malone, Houston Rockets ta ɗauke shi na ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984, shekarar da Michael Jordan ya zo na uku.

Makaminsa ƙafafu ne. Yakan karɓi ƙwallo ya bai wa kwando baya, ya girgiza kafaɗa kamar zai bi hagu, ya juya dama, ya ɗaga ƙwallo kamar zai jefa. Da mai tsaro ya yi tsalle, sai ya sulale ta ƙarƙashin hannunsa ya aje ta cikin kwando. Shi da kansa ya danganta wannan da ƙwallon ƙafar da ya buga yana yaro. A 1994 ya haɗa kambun gwarzon shekara, na gwarzon tsaro da na gwarzon wasan ƙarshe a kaka ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba kafinsa, inda ya doke Ewing da Knicks a wasa bakwai. A 1995 ya fitar da Robinson, wanda shi ne gwarzon wannan shekara, sannan ya share O'Neal da Orlando Magic 4 da nema. Yakan buga wasa da azumi a bakinsa, kuma a Fabrairun 1995, wanda ya dace da watan Ramadan, shi aka zaɓa gwarzon wata.

Shaquille O'Neal da dusashewar muƙamin

O'Neal ya zo da tsawon mita 2.16 da nauyin da ya kusa kilo 150. A kakarsa ta farko, a 1993, sau biyu yana karya turken kwando, har gasar ta sa aka ƙarfafa turakun. Da Lakers ya ci kofi uku a jere daga 2000 zuwa 2002, shi ne gwarzon wasan ƙarshe a duka ukun, sannan ya ƙara na huɗu da Miami Heat a 2006. Da yake kusan rabin jifan ketarsa ba ya shiga, sai ƙungiyoyi suka koma yi masa keta da gangan. A 2001 aka halatta tsaron yanki, wanda ya bai wa ƙungiya damar cunkushe gaban kwando tun kafin ƙwallo ta iso hannun ƙato, kuma masu sharhi da dama suna danganta hakan da shi.

Daga nan wasa ya fara gudu daga ƙarƙashin kwando. Layin maki uku, da aka shigo da shi a 1979, ya zama babban makami. Tim Duncan ya ci kofi biyar da San Antonio Spurs da tsohon salo, amma Dirk Nowitzki na Jamus, mai mita 2.13, ya ci na 2011 ne da jifa daga nesa. A 2012 NBA ta cire gurbin ɗan tsakiya daga takardar zaɓen taurarin shekara. A 2015 Golden State Warriors ta ci kofi tana yawan tsayar da Draymond Green, mai kimanin mita 2, a tsakiya.

Dawowa da sabon salo

Daga O'Neal a 2000 ba a sake bai wa ɗan tsakiya kambun gwarzon shekara ba sai 2021, lokacin da Nikola Jokić ɗan Sabiya ya ɗauka. Shi na 41 aka zaɓa a 2014. Ba shi da tsalle ko gudu, amma daga hannunsa Denver Nuggets ke tsara hari, kamar yadda gajerun 'yan wasan baya ke yi a da. Ya maimaita kambun a 2022 da 2024, ya kawo wa Denver kofinta na farko a 2023. Kambun gwarzo na 2023 kuwa Joel Embiid ne ya samu, haifaffen Yaoundé ta Kamaru. Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya suka haifa a Girka, ko da yake ba ɗan tsakiya ba ne zalla, ya ci na 2019 da 2020, ya kuma zura maki 50 a wasan da ya bai wa Milwaukee kofin 2021. Victor Wembanyama na Faransa, da aka zaɓa na ɗaya a 2023, ya wuce mita 2.20, yana tare jifa yana kuma jefa na maki uku.

Yadda ake kwatanta su

Sarki goma, zamani goma. A kakar 1961–62 ƙungiyoyi 9 ne a gasar, kowace na cin matsakaicin maki 118.8, ana gudu ana yawan jifa ana yawan ɓarar da shi, don haka ƙwallon cafka ta yi yawa. A kakar 1998–99 matsakaicin ya sauko zuwa 91.6. Yau ƙungiyoyi 30 ne, 'yan wasa daga kowace nahiya. Ba a fara ƙirga tare jifa ba sai kakar 1973–74, bayan Russell da Chamberlain sun yi ritaya, don haka babbar gwanintar Russell ba ta cikin kundin alƙaluma. Kambun gwarzon wasan ƙarshe ma sai a 1969 aka fara bayarwa, kuma tun 2009 sunan Russell yake ɗauke da shi.

Saboda haka kowanne yana da fagen da ya fi: Russell a kofi 11, Chamberlain a matsakaicin maki na kaka ɗaya da cafka 23,924, Abdul-Jabbar a kambun gwarzo shida, Olajuwon a tare jifa 3,830, Jokić a miƙa ƙwallo. Ma'aunin da ya fi yi wa zamunan adalci shi ne a duba ratar da mutum ya bai wa tsararsa, da kuma abin da ya tilasta a canza. An faɗaɗa akwati sau biyu, an hana taɓa ƙwallo mai gangarowa, an taɓa hana dannawa, an sauya dokar tsaro, yawancinsu saboda waɗannan mutane. Kwandon da suka mamaye kuwa yana nan a ƙafa 10, inda Naismith ya rataye shi a 1891.