Da Kalangu Muka Fara Gwada Kunne

Wasu samari sun shigo aikin nan namu ɗauke da kwamfuta da abin sawa a kunne, wai sun yi kwas ta intanet, yanzu su ne gwanayen horar da ji da sauti. Kiɗan Mozart da aka tace suke kunna wa yaro, bisa tsarin wani likita Bafaranshe, Alfred Tomatis. To, shi Tomatis likitan kunne ne tun kafin ya waiwayi kiɗa, kuma duk da haka bincike bai tabbatar da yawancin abin da ake jingina wa hanyarsa ba. Su kuwa waɗannan ko leƙa kunnen yaro ba su iya ba.

Mu ba ta ƙofa ɗaya muka shigo ba. Akwai malaman firamare masu shaidar malanta mai daraja ta biyu da aka tura Jami'ar Jos ko kwalejin ilimi na musamman ta Oyo. Akwai waɗanda suka ɗauko maganar hannu irin ta Amurka daga almajiran Andrew Foster, kurman nan baƙar fata da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Da su muka fi gardama, don a ganinsu wahalar da yaro muke yi da muka ce sai ya saurara. Sai kuma irinmu, ma'aikatan jinya da muka taso a sashen kunne. Cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna sai a 1999 aka kafa ta. Kafin nan kowa a hannun maigidansa ya koya.

Nawa maigidan, Allah ya jiƙansa, tsohon nas ne, kayan aikinsa fitilar leƙa kunne da kalangun da ya saya wurin makaɗan rundawa ranar kasuwar Talatar Mafara. Ba ya taɓa kalangun sai ya tabbata ba datti ne ya toshe kunnen ba, ba kuma mugunya ba ce, don rabin “kuramen” da ake kawo mana, in ji shi, wanki da magani kawai suke so. Sannan uwa ta ɗora yaro a cinya, ni in ɗauke masa hankali daga gaba, shi ya zagaya baya. Ba ya taka tabarmar da suke kai, kada girgiza ta bi ƙasa ta isa wa yaron, kuma yana lura da inda inuwarsa ta faɗi. Ya saki tsarkiya ya buga, ya matse ya buga. Yaron da jijiyar jinsa ta taɓu yakan fara rasa siraran sautuka irin “s” da “sh”, masu kauri su saura, kuma hawa da saukar muryar Hausa a can cikin kaurin suke. Da wannan ɗan ragowar yake gina magana, wata da watanni. Yakan ce a ƙasar da ta haifi Musa Ɗanƙwairo, tsakanin Bakura da Maradun, abin kunya ne a aro wa kunne kiɗa daga waje.

Sankarau na 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, ya kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ya bar mana yaran da suka kwanta suna magana suka tashi ba sa jin kiran uwa. Waɗannan gaggawa suke so, kafin maganar da ke bakinsu ta zube. Da sankarau ya dawo a 2017 na ga an sake yin sakacin da aka yi wancan karo: a sallami yaro don zazzaɓi ya sauka, ba wanda ya tafa hannu a bayansa.

Na'urar ji ta lokacinmu ɗan akwati ce da ake rataya wa yaro a ƙirji, iyaye mata su ɗinka mata jaka. Ta yanzu a bayan kunne take, ta fi kyau nesa ba kusa ba, sai dai batirinta sai Gusau ko Sakkwato, hanyar kuma kowa ya san halin da take ciki. Uban da ya sayar da buhun shinkafar Bakolori ya biya kuɗin zaman sauraren Mozart, da batiri ya saya, da ɗansa ya shekara yana jin muryarsa.